Wa Zai Yi Noman? Mulki, Ƙodago da Zama a Jamestown

Tambaya: Wani ɗalibin tarihi ya rubuto cewa ya karanta a shekarar 1619 aka buɗe majalisar wakilai ta farko a Jamestown, mazaunin Turawan Ingila da ke Virginia a Amurka ta Arewa, kuma a wannan shekarar ce aka fara sauke mutanen Afirka a can aka sayar da su. Yana so ya san ko dacewa ce kawai ko akwai abin da ya haɗa al'amuran biyu, da kuma yadda aka mulki wurin kafin wannan lokaci.

Amsa: Malam, idan ana maganar rana da wata ne, to, dacewa ce. Majalisar ta zauna daga 30 ga Yuli zuwa 4 ga Agusta, 1619, jirgin da ya kawo mutanen Afirka kuma ya iso a ƙarshen Agusta ba tare da wani a Landan ko a Jamestown ya aika a kawo su ba. Sai dai da jirgin ya tsaya bai rasa masu saye ba, kuma waɗanda suka saya su ne Gwamna George Yeardley, wanda bai cika wata guda da tashi daga zaman majalisar ba, da Abraham Peirsey, mai kula da rumbun kasuwancin kamfani. A nan ne dacewar ta ƙare. Tun ranar da aka kafa mazaunin a 1607, abu guda ne yake hana masu shi barci: wa zai yi aikin, kuma da me za a sa shi ya yi? Duk salon mulkin da aka gwada a wurin, daga majalisar mutum bakwai zuwa dokar soja, daga rabon filaye zuwa majalisar wakilai, ƙoƙari ne na warware wannan matsala, kuma bautar da ta kafu daga baya ita ma daga nan ta tsiro.

Gwamnatin Ingila ba ita ta kafa Jamestown ba. A watan Afrilu na 1606 Sarki James na Ɗaya ya ba wasu attajirai da masu faɗa a ji takardar izinin kafa kamfani, wato Kamfanin Virginia, aka tara jari daga aljihun mutane, kowa yana sa ran riba. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari, domin kamfanin da ya riƙe gaɓar kogin Kwara daga 1886 zuwa ƙarshen 1899 shi ma da takardar izinin sarauta ya haɗa ciniki da mulki, har gwamnati ta karɓe. Masu jarin Virginia sun ga dukiyar da Sifaniyawa suka kwasa a Meziko da Peru, inda suka tarar da zinariya da azurfa da kuma al'umma mai yawa da aka tilasta wa haƙo su, sai suka ɗauka haka abin zai kasance a arewa. Umarnin da suka ba mutanensu ya fi ƙarfi a kan neman ma'adinai da hanyar ruwa da za ta ɓulle zuwa tekun Fasifik. Abinci kuwa, an ɗauka jirage za su riƙa kawo wani daga gida, sauran a saya a hannun 'yan ƙasa.

Jirage uku ne suka taso a Disamba 1606 ƙarƙashin Christopher Newport, suka sauke mutum 104, maza da yara maza zalla, a tsakiyar Mayu 1607. Sunayen waɗanda za su yi mulki an rufe su ne a cikin akwati, aka ce kada a buɗe sai an isa. Da aka buɗe sai aka ga mutum bakwai, waɗanda za su zaɓi shugaba a tsakaninsu na shekara guda, kuma suna da ikon tsige shi. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin, John Smith, a tsare ya ƙarasa tafiyar bisa zargin shirya tawaye. Kafin shekarar ta ƙare an tsige shugaba na farko, Edward Maria Wingfield, bisa zargin yana ɓoye abinci, an harbe George Kendall, Bartholomew Gosnold kuma ya mutu da ciwo. Majalisar da kowane ɗanta yake ganin ya isa ya zama shugaba ba ta iya sa kowa ya ɗauki fartanya ba. Ga shi kuma kashi ɗaya cikin uku ko fiye na mutanen 'ya'yan manya ne, waɗanda a al'adar Ingila ta lokacin aikin hannu ƙasƙanci ne a gare su, manoma na gaske kuwa 'yan kaɗan ne.

Wurin da suka zaɓa ya ƙara dagula lissafin. Sun shiga kogin James kimanin kilomita 60 daga bakinsa, don su ɓuya daga jiragen Sifaniya, suka sauka a wani tsibiri mai fadama inda ruwa yake zama zartsi da bazara, ƙazanta kuma ba ta wucewa saboda turowar ruwan teku. Atini da zazzaɓi suka kama su. Binciken da aka yi daga baya a kan zoben jikin tsofaffin itatuwa ya nuna cewa daga 1606 zuwa 1612 yankin ya sha farin da bai ga irinsa ba cikin shekaru fiye da 700. Zuwa Janairu 1608 mutum 38 ne suka rage da rai. Duk da haka, jirgin da ya koma Ingila a wannan shekarar an loda masa ƙasa mai ƙyalli da aka zaci zinariya ce, aka je aka tarar ba ta da wata daraja.

Su kuwa 'yan ƙasar ba irin waɗanda masu jari suka yi mafarki ba ne. Yankin yana ƙarƙashin wani babban sarki, Wahunsenacawh, wanda Turawa suka kira Powhatan, yana karɓar gaisuwa daga ƙabilu kimanin 30, jama'arsa ta kai dubu goma sha huɗu ko fiye. Mata ne suke noman masara da wake da kabewa, kuma ba su noma rarar da za ta ciyar da baƙi ɗaruruwa a shekarar fari. Da farko ya yarda a ba da masara a karɓi tagulla da duwatsun ado da gatura, yana ganin baƙin za su zama wata ƙabila a ƙarƙashinsa. Turawan su ma haka suke kallonsa: a 1608 sun kai masa kambi don su naɗa shi a matsayin mai biyayya ga Sarki James, ya ƙi durƙusawa, sai da aka danna kafaɗunsa kafin a ɗora masa. Da tagulla ta yi yawa a hannun mutanensa darajarta ta faɗi, masara ta yi wuya, sai Turawa suka koma karɓa da bakin bindiga.

John Smith ya zama shugaba a Satumba 1608, ya kafa dokar da ya ɗauko daga Littafi Mai Tsarki cewa wanda ba zai yi aiki ba ba zai ci ba, in ban da marar lafiya. A zamaninsa an haƙa rijiya, an gina gidaje, an shuka masara, mutuwa ta ragu. Amma ƙarfin dokar a jikin mutum ɗaya yake, kuma da garin bindiga ya ƙone shi ya koma Ingila a Oktoba 1609. Kamfani a nasa ɓangaren ya riga ya gane cewa mulkin majalisa bai yi ba, ya samo sabuwar takardar izini a 1609 wadda ta ɗora dukan iko a hannun gwamna guda. An sayar da hannun jari a kan fam 12 da sule 10 kowanne, wanda kuma ya tafi da kansa an lissafa jikinsa a matsayin hannun jari ɗaya, bisa sharaɗin zai yi wa kamfani aiki shekara bakwai, kamfani ya ciyar da shi ya tufatar da shi, sannan a raba riba a 1616. Jirgin da ya ɗauko sababbin shugabannin ya tarwatse a tsibirin Bermuda, sauran jiragen suka iso da ɗaruruwan bakuna ba abinci ba shugaba. Powhatan ya yi wa ganuwar Jamestown ƙawanya a hunturun 1609 zuwa 1610. Daga mutum kimanin 240 da ke ciki, kusan 60 ne suka tsira, bayan sun cinye dawakai da karnuka da ɓeraye da fatar takalma. Labarin cewa an ci naman mutane an daɗe ana jayayya a kansa, har sai da masu tonon kayan tarihi suka gano ƙoƙon kan wata yarinya 'yar shekara 14 a 2012, da alamun wuƙa a jikinsa. A Yuni 1610 waɗanda suka rage suka shiga jirage suka bar garin, suna cikin gangarawa suka ci karo da ayarin sabon gwamna, Lord De La Warr, aka juyo da su.

Daga nan aka shiga mulkin soja, wanda sababbin shugabannin mazaunin, Thomas Gates da Thomas Dale, suka tsara dokokinsa, aka buga su a Landan a 1612. Ya kamata a duba waɗannan dokoki da kyau, domin suna nuna abin da shugabannin suke tsoro. Da kiɗan ganga ake fita aiki, da kiɗan ganga ake tashi daga aiki, ana zuwa coci sau biyu a rana, wanda ya yi fashin zuwa a hana shi abincin ranar, idan ya maimaita a yi masa bulala. Satar kayan rumbun kamfani kisa ne, ciniki da 'yan ƙasa ba izini kisa ne, yanka kaza ko alade na kamfani ba izini yana iya kaiwa ga kisa, haka ma tsinkar kayan lambu a gonar da aka sa mutum ya yi wa shema. Mai gasa burodi da ya rage mudu a yanke masa kunne. Waɗanda suka gudu suka koma zama cikin mutanen Powhatan, da Dale ya kamo su, wasu an rataye su, wasu an ƙone su, wasu an harbe su. Wata takarda da majalisar Virginia ta rubuta a 1624 ta ba da labarin wani da ya saci ɗan garin hatsi, aka soke harshensa da basilla, aka ɗaure shi a jikin itace har yunwa ta kashe shi. Masu rubuta takardar abokan gabar tsohon shugabancin kamfani ne, saboda haka ana karanta ta da hattara, amma dokokin da aka buga ba su bar wurin musu a kan tsananin ba. Abin mamaki shi ne duk wannan azaba an yi ta ne don a samu aikin da bai wuce awa shida a rana ba, daga ƙarfe shida zuwa goma na safe, sannan daga biyu zuwa huɗu na yamma. Kuma da Dale ya iso a Mayu 1611, wasan jifan ƙwallo ya tarar mutane suna yi a kan titi, ba a ko yi shuka ba.

Ana yawan cewa lalaci ne, amma ni ban gamsu da wannan bayani shi kaɗai ba. Mutumin da atini ya cinye, yake rayuwa a kan ɗan kunun sha'ir, ba zai yi saran daji ba ko da an tsaya masa da bulala. Bayan haka tsarin kansa bai ba kowa dalilin ƙwazo ba, domin mai himma da malalaci mudu ɗaya suke karɓa daga rumbu, ribar da aka yi alkawari kuma tana can shekaru gaba, ga mutumin da bai tabbata zai ga damina mai zuwa ba. Kamar gandu ne da babu gayauna, kuma mai gandun ba uba ba ne, wasu attajirai ne a Landan da ba a taɓa ganin fuskarsu ba. A 1614 Dale ya yanka wa wasu daga cikin mazauna eka uku uku su noma wa kansu, bisa sharaɗin su yi wa kamfani aikin wata guda a shekara su kuma zuba ganga biyu da rabi ta masara a rumbu. Sakataren mazaunin, Ralph Hamor, ya rubuta cewa abin da mutum talatin suke nomawa a da bai kai wanda mutum uku ko huɗu suke noma wa kansu yanzu ba.

A daidai wannan lokaci aka sami abin sayarwa. An gwada gilashi da kwalta da tokar sabulu da katako da siliki, haƙa ba ta cim ma ruwa ba. A 1612 John Rolfe ya shuka irin taba da ya samo daga yankin Karibiyan, wadda ta fi ta 'yan ƙasa daɗin sha, ta karɓu a kasuwar Landan duk da cewa Sarki James ya tsani taba har ya yi rubutu a kanta. Auren Rolfe da Pocahontas, 'yar Powhatan, a 1614, bayan an sace ta an tsare ta shekara guda, ya kawo zaman lafiya na ɗan lokaci da ya ba da damar buɗe gonaki. A 1617 an fitar da laba kusan 20,000, kuma sabon gwamna Samuel Argall ya tarar an shuka taba har a kan tituna da filin kasuwa, coci kuwa ya rushe. Sai da aka kafa doka cewa kowa ya shuka eka biyu ta masara kafin ya taɓa taba.

Taba ba ta bukatar injin ko babban jari, amma tana cin hannu tun daga farkon shekara har ƙarshenta. Ana yafa irin, wanda ya fi ƙura ƙanƙanta, a fangali tun sanyi bai wuce ba. A gona ana yi wa manyan itatuwa zobe a bawo su bushe a tsaye, a tara ƙasa da fartanya a yi tudu ga kowane tushe, a jira ruwa a dasa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai noma, sai karye kan kowace shuka don kada ta yi fure, sai cire 'ya'yan da ke tsirowa a hammatar ganye kowane mako, sai bin ganye ɗaya ɗaya ana tsince tsutsa da hannu cikin zafin Yuli da Agusta. Idan ta nuna a sare, a rataye ta bushe, a jira ranar da iska ke da laima don kada ganyen ya karye, a ɗaure, a danna cikin ganga. Bayan shekara uku ko huɗu ƙasar ta gaji, sai a sari sabon daji. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci sauran tarihin Virginia: arzikin mutum ya dogara ne a kan yawan hannayen da yake iko da su da kuma yawan dajin da zai iya ci gaba da sara, dajin kuwa na mutanen Powhatan ne.

Da 1616 ta zo kamfani ba shi da ko kwabo na rabawa, mutanen da ke Virginia kuma 351 ne kacal, sai ya biya da abin da yake ganin yana da shi a yalwace, wato ƙasa. Umarnin da aka ba Yeardley a 1618, wanda Edwin Sandys, ɗaya daga cikin jagororin kamfani a Landan, yake cikin manyan masu tsara shi, ya soke dokar soja, ya ba tsofaffin mazauna eka 100 kowanne, sannan ya kafa ƙa'idar da ta fi kowace tasiri: duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum guda zuwa Virginia, nasa ne ko na wani, za a ba shi eka 50. A lura cewa filin na wanda ya biya ne, wanda aka kawo ba shi da komai a ciki. Kuɗin jirgi kimanin fam 6 ne, abin da talakan Ingila ba zai iya tarawa ba, saboda haka sai ya sa hannu a takardar yarjejeniya cewa zai yi aiki shekara huɗu zuwa bakwai ba lada, sai ci da sutura da makwanci. Mai kuɗi da ya kawo barori goma ya sami eka 500 da kuma hannayen da za su nome ta a ciniki guda. An kuma ba ƙungiyoyin masu jari manyan filaye su kafa nasu ƙauyuka, irin su Martin's Hundred da Berkeley Hundred. Sakamakon haka mazaunin ya daina zama gari mai ganuwa, ya warwatsu a gaɓoɓin kogin biyu, kowa yana neman bakin ruwa inda jirgi zai tsaya ya ɗauki tabarsa, abin da ya sa Virginia ta daɗe ba ta da birni na kirki.

Majalisar wakilai wani sashe ne na wannan shiri. Mutanen da suka zama masu ƙasa, suka kuma bazu a nisan kilomita masu yawa, ba za a iya tafiyar da su da ganga ba, kuma labarin dokar soja ya ɓata sunan Virginia a Ingila har mutane suna gudun zuwa. An zaɓi wakilai 22, biyu biyu daga mazauna 11, suka zauna a cikin coci tare da gwamna da 'yan majalisarsa, John Pory yana jagorantar zama. An hana wakilan gonar John Martin kujera saboda takardar mallakarsa ta ce dokar mazaunin ba ta hau kansa ba. Zafi ya yi tsanani har ɗaya daga cikin wakilan ya mutu, aka gajarta zaman. Gwamna yana da ikon ƙin amincewa da doka, kamfani a Landan kuma yana da ikon soke ta. Abin da suka zartar ya nuna inda hankalinsu yake: sun tsayar da farashin taba mai kyau a kan sule uku laba guda, sun yi dokoki a kan zaman banza da caca da maye, sun wajabta a rubuta yarjejeniyar barori a kuma tilasta cika ta, sun hana baranya aure ba da izinin ubangidanta ba. Sun kuma zauna a matsayin kotu, suka yanke wa wani bara, Thomas Garnett, hukuncin a kafe kunnuwansa da ƙusa a jikin gungume kwana huɗu, ana yi masa bulala kullum, bisa ƙarar da ubangidansa ya kawo, ubangidan kuwa yana zaune a cikinsu a matsayin wakili. Pory da kansa ya rubuta a wannan shekarar cewa babbar dukiyarsu barori ce.

Neman hannaye ya kai kamfani ga kwaso yara marasa galihu daga titunan Landan, ɗari a 1619, wasu kuma a shekarar da ta biyo. An aiko da 'yan mata kimanin 90 a 1620 da wasu 57 a 1621 don maza su yi aure su zauna, wanda ya auri ɗaya ya biya laba 120 ta taba, daga baya 150. Manoman da kamfani ya aiko su yi masa noman raba-daidai, manyan jami'ai suka karkatar da su zuwa gonakinsu. Ana sayar da ragowar wa'adin bara daga hannu zuwa hannu, har Rolfe ya koka cewa cinikin maza da yara abin kunya ne idan aka ji a Ingila. Wasiƙar da wani yaro bara, Richard Frethorne, ya rubuta wa iyayensa daga Martin's Hundred a 1623 tana nan har yau: ya ce abincinsa wake ne da tsinkakken kunu, wani abokin zamansa ya sace masa mayafi ya sayar don abinci, yana roƙonsu su fanshe shi ko su aiko masa da cuku da nama.

A cikin wannan kasuwa ne jirgin White Lion ya sauke mutanen Afirka ashirin da 'yan kai a Point Comfort, a bakin kogin James. An kamo su ne a yankin Ndongo, a Angola ta yau, aka loda su a Luanda cikin jirgin Fotugal mai suna São João Bautista da ke kan hanyar Veracruz a Meziko, sai jirage biyu na 'yan fashin teku masu lasisi suka tare shi suka kwashi wasu. Da abinci aka saye su. A lokacin babu dokar bauta a rubuce a Virginia, wannan ya sa wasu suke cewa barori ne kamar kowa. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin ba su zo da takardar wa'adi ba, kuma a ƙidayar 1625, wadda ta kawo barori Turawa da cikakken suna da shekarar zuwa da jirgin da ya kawo su, yawancin mutanen Afirka 23 da aka lissafa ko suna ba a rubuta musu ba. Fiye da rabinsu suna hannun Yeardley da Peirsey. Gaskiya ne ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba a farkon shekarun, domin Anthony Johnson, wanda aka kawo a 1621, ya sami 'yanci har ya mallaki eka 250 a 1651.

Yaɗuwar gonaki ce ta jawo harin 22 ga Maris, 1622, wanda Opechancanough, magajin ikon Powhatan, ya shirya. Mutanensa sun shiga gidaje da safe kamar masu kawo kayan sayarwa, suka kashe mutum 347, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna. Yunwa da annobar da suka biyo baya sun kashe fiye da haka. Turawa suka mayar da martani da ƙone ƙauyuka da sare masara kowace shekara, har da ba da giya mai guba a taron sulhu a 1623. Binciken da sarki ya sa a yi ya tona cewa daga mutum kimanin 6,000 da aka aika tun 1607, kusan 1,200 ne suke raye. A Mayu 1624 aka soke takardar izinin kamfani, Virginia ta koma hannun sarki. Majalisar ba ta cikin sabon tsarin, amma gwamnoni sun ci gaba da kiranta domin ba su da wata hanyar tara haraji ko tsara noman taba, a 1635 manyan manoma suka kori Gwamna John Harvey, a 1639 kuma fadar sarki ta amince da zamanta a hukumance.

Bauta ba ta maye gurbin barantaka nan take ba, kuma dalilin lissafi ne. Bawa ya fi bara tsada sosai, a ƙasar da baƙo yake iya mutuwa a shekararsa ta farko kuwa, sayen aikin rayuwar mutum gaba ɗaya asara ce, ga kuma matasan Ingila marasa aiki suna ta zuwa. A 1671 Gwamna William Berkeley ya ƙiyasta jama'ar Virginia 40,000, barori Turawa 6,000, bayi baƙar fata 2,000. Amma majalisar ta riga ta fara ɗaura igiyar tun kafin yawan ya zo. A 1640 kotu ta kama barori uku da suka gudu tare, ta ƙara wa Turawa biyun shekara huɗu, ta yanke wa John Punch, ɗan Afirka, bauta har mutuwa. A 1662 aka zartar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, saɓanin dokar Ingila da ke bin uba, abin da ya mai da 'ya'yan da iyayengiji suka haifa da bayinsu dukiya. A 1667 aka ce shiga addinin Kirista ba ya 'yanta bawa, a 1669 kuma aka ce ubangidan da bawansa ya mutu a hannunsa wajen horo bai yi laifin kisa ba. A ɗaya gefen, barorin da suka gama wa'adi suka yi yawa, suka tarar manya sun riga sun mallake filaye masu kyau, farashin taba kuma ya faɗi, a 1670 aka ƙwace wa marasa ƙasa ƙuri'a. Irin waɗannan, tare da barori da bayi, suna cikin rundunar Nathaniel Bacon da ta fara da yaƙar 'yan ƙasa ta ƙare da ƙone Jamestown a Satumba 1676. Wasu masana suna ɗora komawa ga bauta a kan tsoron da wannan tawaye ya jefa a zukatan manya. Ina ganin ya taimaka, amma abin da ya fi nauyi shi ne barori daga Ingila sun ragu bayan 1660, mutuwa ta yi sauƙi, jiragen bayi na Ingila kuma suka fara zuwa kai tsaye, musamman bayan an buɗe cinikin ga kowa a 1698.

An mayar da hedikwata Williamsburg a 1699, kuma a can ne majalisar da aka fara a cocin Jamestown ta tattara dokokin barori da bayi wuri guda a 1705. A wannan shekarar aka lissafa bawa cikin dukiyar da ake gada kamar gona. Dokar ta wajabta wa ubangida ya sallami bara namiji da ya gama wa'adi da awo goma na masara da sule 30 da bindiga, ta hana a tuɓe Bature Kirista a yi masa bulala sai da umarnin alƙali, ta kuma ce duk doki ko saniya ko alade da aka samu a hannun bawa a ƙwace a sayar, a ba talakawan Ikklisiyar yankin kuɗin.